Yaya da Igiyar Goge Bindiga

Ranar da muka rufe Yaya ba a yi doguwar gaisuwa ba. Damina ta makara, geron da aka binne ya ƙone a rami, ga hanyar Gatawa ba ta biyuwa bayan la'asar saboda mutanen daji. Duk wanda ya zo sai ya durƙusa, ya yi mana ya haƙuri, ya shafa fatiha idonsa na kan rana. In babur ya gitta ta bayan gari, zaure ya yi tsit har ƙarar ta ɓace.

Babbar ɗiyarta ba ta yi kuka ba, sai shara take ta yi a tsakar gidan da an riga an share. Jikoki kuwa abin da ya ɗaure musu kai shi ne tsofaffin maharba uku da suka zo, ɗaya daga Gangara, ɗaya tun daga Bafarawa a bayan babur, duk da halin da hanya ke ciki. Wani jikanta ya kasa haƙuri, ya tambayi na Bafarawa, "Baba, mi ag gaminku da tsohuwa?"

Tsohon ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, "Ta taɓa zagina gaban ɗiyana. Kuma ita ad da gaskiya."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a gidan rasuwa a haɗiye ta nan take. Ni ban yi ba. Tsoro ne ya kama ni, don na duba zauren na ga mu huɗu kawai muka san abin da yake nufi, kuma ƙaramin cikinmu ya haura saba'in. Shi ya sa na zauna da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da nake da shi, za ni rubuta abin da na sani.

Ni ne autan ɗakinmu. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya ta goye ni har na yi wayo, kuma har na yi furfura ba ta taɓa kiran sunana ba, sai Auta. Mijinta tsohon soja ne. Da ya bar aiki ya dawo noma, ya sayi bindiga mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a sa harsashi ta gindi, da takardarta ta hukuma. Abin da ya dawo da shi daga bariki bai wuce akwatin ƙarfe ba da wata igiya siririya mai ɗan jan ƙarfe a kai. Da ita yake goge cikin bututun bindiga. Sai ya karya bindigar, ya zura ƙarfen ta gindi ya faɗo ta baki, ya saƙala tsumma a maɗaukin da ke ɗaya ƙarshen, ya ja da ƙarfi sau ɗaya. Na fari busasshen tsumma, na biyu mai ɗigon man keken ɗinki, na uku busasshe kuma. Daga nan ya ɗaga bututun ya leƙa rana.

Yaya tana kaɗi tana kallonsa. Wata rana ta karɓi igiyar ta juya ta, ta ce, "Wagga ai abawa ce anka tuƙa. Ni ma na iya." Ta kaɗa audugarta, ta tufka ta riɓi uku, ta goge ta da kakin zuma har ta yi santsi. Mijin ya gwada, ya ƙara gwadawa, ya ajiye tasa ta bariki a ƙasan akwati. Kafin shekara ta zagayo, goge bindigar ma ya koma hannunta, don ta fi shi haƙuri.

Tana da maganganunta a kan abin nan, kuma ba ta sassauta wa kowa. Takan ce tsumma ya zama faɗin yatsa uku, in ya fi haka zai cije a ciki, in bai kai ba wucewa kawai zai yi kamar baƙon da bai yi sallama ba. Takan ce a ja igiya a miƙe, kada ta gogi leɓen bindiga, don igiya mai yashi zarto ce. Wanda ta ga ya yar da igiyarsa a ƙasa, ko da sa'an ubanta ne, sai ta faɗa masa. Wanda ya fi fita bakinta shi ne, "Kak ka sa harsashi sai ka ga rana ta ciki."

Sun taɓa yin rigima da maƙerin garinmu, mutum mai saurin fushi. Ya ji ana cewa maharba na zuwa zauren tsohon soja neman igiya, ya zo da kansa ya tsaya a ƙofa yana cewa wasan mata ne, bindiga sai sandar ƙarfe. Yaya ta amsa daga bayan zana, ta ce a kawo bindiga a gani. Aka kawo bindigar wani maharbi wadda ta shekara a jingine. Ta ja igiya sau uku, tsumma na ƙarshe ya fito fari, bututu na ƙyalli. Maƙeri ya karɓi bindigar. Ya naɗa siririyar waya a bakin sandarsa, ya zura, ya murza, ya murza, ya zazzage a kan faifai. Jar tsatsa ta zubo har da ɓarɓashin dalma.

Muka zaci za ta yi gardama. Ta leƙo ta dubi faifan, ta ce, "Ka yi gaskiya. Tawa shara ce, taka noma. Tokar yau nika kwashewa, tsatsar bara sai kai."

Maƙeri ya so ya ƙara, ya ce to bindigar toka fa, wadda gindinta a toshe yake, ta ina igiyar za ta fita? Ta ce, "Wannan taka ce har abada, ba ni gardama da rijiya." Da yamma ta aika masa fura. Tun daga ranar shi ke narka mata 'yar dalmar da ake ɗaurawa a kan igiya, kamar ƙwallon dabino, kuma duk wanda ya gyara wa bindiga sai ya ce masa, "Tahi wurin matar soja ta ba ka igiya, in ba ka son ka dawo mani baɗi."

Sai babban fari ya zo. Waɗanda aka haifa bayansa suna jin labari ne kawai. Shekara biyu a jere gero bai yi kai ba. Gulbi ya koma yashi tun daga Sabon Birni har inda ido ya tsaya. Shanun Fulani suna faɗuwa a bakin hanya, ungulu ta ƙoshi har ba ta iya tashi. Muka ci dusa, muka ci tafasa, muka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Rijiyar gari kullum ruwanta na ƙara yin ƙasa, mata na tsayawa tun asuba har hantsi kafin tulu ya cika. Maza suka watse ci-rani. Mijin Yaya ya tafi kudu aikin gadi, ya bar mata ɗiya biyar da bindiga, ya ce amana ce, kada ta fita gidan sai da saninta.

Yunwa ta mai da kowa maharbi. Wanda bai taɓa riƙe bindiga ba ya aro, ya shiga daji neman zabo ko kurciya ko gada. Ba su san ba a kifa bakin bindiga a yashi ba. Wani magidanci a ƙauyen da ke gabas da mu ya yi tuntuɓe, bakin tasa ya caki ƙasa, ya tashi ya harba, bututu ya tsage kamar kara. An kai shi Isa a kan amalanke, ya rayu, amma hannun bai dawo tare da shi ba.

Daga ranar Yaya ba ta ƙara samun natsuwa ba. In ta ji ƙarar harbi daga daji sai ta tsaya cak da taɓarya a hannu, ta karkata kai. Ta ce ƙarar lafiya daban, ta fashewa daban. Sai ta ji ta gamsu sannan ta ci gaba da daka. Audugar da ta tanada don zane ta warware ta duka ta yi igiyoyi, tana rabawa, ba ta karɓi ko ƙwayar gero ba. Wani Bafillace maƙwabcinmu, wanda kuraye suka dami sauran 'yan awakinsa, ya zo da bindigar da ya gada cike da sheƙar zanzaro. Ta zaunar da shi a zaure, ta koya masa da hannu da ido, tana haɗawa da 'yar Fillancin da ta iya, bai tashi ba sai da ya ja igiyar daidai sau uku. Shi kuma maharbin Bafarawa, laifinsa shi ne ta tarar ya ɗaure bakin buhu da igiyar da ta ba shi.

A cikin wannan hali matata ta haihu. Ɗiya mace. Kwana huɗu nono ya ɗauke. Jaririyar tana kuka har muryarta ta koma kamar ta mage, daga baya ta daina, wannan shirun kuwa ya fi kukan tayar da hankali. Unguwarzoma ta ce mai jego na bukatar romo, ko na tsuntsu ne. Ran nan na ga sawun zabbin daji a wani ƙwari gefen busasshen gulbi, sawu sabo, da yawa. Na nufi gidan Yaya kai tsaye.

Na ce, "Yaya, ara mani bindiga gobe da sahe."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Bindiga ba ta da lahiya, Auta. Bari jibi."

"Wace irin rashin lahiya? Jiya na gan ki kina goge ta."

"Na ce maka jibi."

Na san halinta da amanar mijinta, sai na ɗauka hanzari ne kawai. Raina ya ɓaci, na faɗi maganar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Na ce, "Don ba ɗiyarki ba ce ka mutuwa." Ta ɗago ta dube ni, bakinta ya motsa kamar za ta yi magana, sai ta sunkuya ta ci gaba da tsintar anza. Na fita ban yi sallama ba.

Washegari da hantsi na san tana rijiya. Na shiga ɗakinta, na jawo tabarmar da ke ƙarƙashin gado, na warware. Na ɗauki bindiga da harsashi biyu daga gwangwani. Ina tafiya ina karya ta, na cusa harsashi na rufe, hankalina na can wurin zabbi. Maganar leƙa rana ko kusa ba ta zo mini ba, ni da na ji ta fiye da sau ɗari.

Tafiyar ta kai ni har rana ta take tsaka. Na same su, bakwai, suna tono a gindin wata aduwa. Na kwanta rub da ciki bayan sabara, na ja jiki a hankali, yashi na ƙona mini gwiwar hannu. Na ɗana kunama. Ina jira biyu su haɗa kai don harsashi ɗaya ya ɗauke su tare. Sun kusa. Yatsana ya riga ya fara matsawa.

"Auta! Auta! Kak ka harba!"

Zabbin suka tashi fir, suka bi ta kan gulbi. Na miƙe a fusace. Sai ga Yaya tana gangarowa daga tudu, ba takalmi, ba mayafi, ɗankwali a hannu. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Daga baya na ji yadda aka yi. Ta dawo da tulu ta ga tabarma a warware, ta saki tulun ya fashe, ta fita da gudu. Bafillacen nan ne ya nuna mata inda na bi. Mace mai shekara arba'in da ɗoriya, wadda rabonta da tuwo ya fi wata, ta yi tafiyar nan a kan yashin tsakar rana.

Na ce, "Kin kore su! Kin san abin da kinka yi?"

Tana ta haki. Ta fizge bindigar, ta mai da kunama a hankali, ta karya, ta zare harsashi ta jefa a ɗankwalinta. Ta ɗaga bututun saitin rana ta kanga mini a ido.

"Mi kag gani?"

Na leƙa. Na goge ido na sake leƙawa.

"Duhu," na ce.

"Tsumma ne. Igiya ta tsinke shekaranjiya, ya cije tsakiya."

Na zauna a yashi. Na tuna mutumin amalanke. Na dubi tafin ƙafarta, ya yi bororo ya fashe, yashi ya manne a jikin naman. Na cire takalmina na miƙa mata, ta sa, muka dawo gida tana gaba ina baya.

Maƙeri ya wuni yana fama kafin tsumman ya fito, da sanda da ɗan ƙugiya da mai mai zafi. Kwana biyu bayan nan Yaya ta kawo mini bindigar da kanta, tana ɗingishi, har da harsashi uku. Na koma ƙwarin nan sau huɗu. Zabbin ba su dawo ba. Kurciya biyu na samo. Jaririyar ta rasu tana da kwana goma sha ɗaya.

Ban gode wa Yaya ba. Na san ta cece ni, kaina ya sani, amma zuciyata ta ƙulla cewa zabbi bakwai sun tashi da muryarta. Shekara biyu ban taka gidanta ba. Ita kuwa ba ta fasa ba: ruwa ya dawo, ta yi girbin farko, ta aiko wa matata da dami. Da matata ta sake haihuwa, ita ta zo ta yi mata wankan jego har arba'in. A hankali na koma gaishe ta. Muka aurar da ɗiya tare, muka rufe mijinta tare, bindigar ma ta mai da ita hannun hukuma bayan rasuwarsa, ta ce amana ta ƙare. Amma maganar ranar nan ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba, sama da shekara arba'in.

Wani abu dai bai bar ta ba. A 'yan shekarun nan da harbi ya dawo dajinmu, ba na zabbi ba, kunnenta ya riga ya yi nauyi, amma in ta ga kaji sun firgita sai ta kama hannun wanda ke kusa ta ce, "An yi harbi? Wa aa daji cikin namu?" Sai an lissafa mata kowa da inda yake sannan ta saki hannun.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, na je da hantsi na zauna bakin gadonta. Ta kori jikokin, ta ce a bar ta da Auta. Ta rame har zoben azurfarta ya koma babban yatsa.

Ta ce, "Akwai maganar da nika riƙe da ita. Igiyar da ta tsinke, ba tawa ba ce. Tsohuwar ta bariki ce."

Na ce, "Yaya, bar wannan zance, ya wuce."

"Yi shiru in ƙare. Nawa masu kyau guda uku sunka rage. Ruwan rijiya ya yi ƙasa, guga bai kai, ɗiya na kukan ƙishi. Na haɗa su na murɗe na ƙara ga igiyar guga. Da niz zo goge bindiga sai nij jawo tsohuwar daga akwati. Na ga ta ci, Auta. Da idona na ga inda ta ci. Nic ce sau ɗaya dai ba komi."

Ta huta, ƙirjinta na hawa da sauka.

"Wannan ba shi ad damuwata ba. Da kaz zo, da na ce maka tsumma ya cije, da ka kai ta maƙera ran nan, da sahe ka tahi ga zabbinka. Kunya ta hana ni. Ni da ke zagin maza kan igiya, a ji ni na tsinka ta cikin bindiga? Sai nic ce maka jibi, don in kai ta a ɓoye. Kullum in na ga ɗiyanka sai in ƙirga da waccan."

Shekara arba'in ina zaton ni kaɗai ke ɗauke da ranar nan, ashe nata kayan ya fi nawa nauyi, kuma da shi ta yi ta aiko mini da dami. Na so in gaya mata cewa romon zabo ba ya tsayar da ajali, cewa ni na shiga ɗakinta ba izini, ni na ƙi leƙa rana, ni na faɗa mata maganar da ba a faɗa wa wadda ta goye ka. Kafin in fara, ta riga ni.

Ta ce, "Ka yahe mani?"

Na ce, "Na yahe." Amma da ƙyar ya fito.

Ta tsura wa bakina ido, ta girgiza kai. "Ɗaga murya, Auta. Ka san kunnen ya tahi."

Na share fuska da hannun riga, na matsa kusa da kunnenta, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba a gidan nan, har matan da ke daka a tsakar gida suka tsaya.

"Na yahe, Yaya! Ke ma ki yahe mani!"

Ta lumshe ido. Ta ce, "Kai? Tun kan hanya, da kab ba ni takalmi." Sannan ta ce in miƙo mata ruwa, in kira jikokin su dawo, rana ta yi zafi a waje.

Kwana uku bayan haka ta cika, ranar Laraba, bayan azahar.

Allah Ka ji ƙan Yaya, Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya ƙafafun da suka taka wutar yashi saboda ni. Wanda ya karanta wannan, in yana da abin da yake riƙe wa ɗan'uwansa, ya je ya faɗa tun kunnen yana ji. In kuma da hali, ya yi mata ƙulhuwallahu ƙafa uku.